Murhun Gwaggo da Injinan Sharaɗa

Kalmar nan da muke ji kullum a rediyo idan ana maganar lantarki da dizal da iskar gas, wato makamashi, daga madafa aka ɗauko ta. Tun kafin ta shiga bakin ministoci, makamashi shi ne abin da mace ke tura wa murhu don wuta ta kama: itace, kara, ƙirare, busasshen kashin shanu. Shi ya sa duk sa'ad da aka tayar da zancen tsadar makamashi a masana'antu, da irin agajin da ya kamata hukuma ta kai musu, sai hankalina ya koma tsakar gidan gwaggona. A can na fara ganin yadda wuta ke cinye jarin mai sana'a, a can kuma na ga irin taimakon da ke tsayar da mutum da ƙafafunsa.

Gwaggo waina take yi ta sayarwa. Kafin kiran assalatu ta riga ta hura wuta a murhun duwatsu uku, ta ɗora tanda, ga tukunyar miyar taushe a wani murhun gefe. Ni ne ɗan aikenta zuwa wajen mai itace, saboda haka na san lissafin gidan fiye da sauran yara. Wata shekara itace ya yi tsada, dami ya rame, kuɗinsa ya hau. Ta ƙara wa waina kuɗi, masu saye suka ragu. Ta mayar da kuɗin yadda yake ta rage cikin ludayi, aka ce wainar Gwaggo ta ƙanƙance. Da yamma in ta zube ciniki a faifai, ta ware kuɗin shinkafa da na mai da na itace, abin da ya saura bai kai a kira shi riba ba. Maganarta kullum ɗaya ce: "Itacen nan shi zai kore ni daga sana'a."

Duk wanda ya zauna da masu masana'antu a Sharaɗa ko Bompai ko Challawa a Kano cikin 'yan shekarun nan ya ji wannan magana da kunnensa, sai dai a gurbin itace za a ce dizal da kuɗin wuta. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa ta ɗaga farashin wuta ga 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, wato kilowat ɗaya na awa guda. Masana'antu da yawa a wannan rukuni suke. In wuta ta ɗauke a tayar da janareta, ga litar dizal ta haura naira 1,000, lita guda kuwa yunit uku da ɗan wani abu take bayarwa. Ke nan yunit ɗin janareta, a kuɗin mai kaɗai, yana kai naira 300 ko fiye, ba a haɗa da gyara da juyen mai ba. Mai kamfanin roba ko casar shinkafa ko matsar man gyaɗa yana tsaye a inda Gwaggo ta tsaya: ya ƙara kuɗin kaya a guje shi a sayi na waje, ko ya sallami ma'aikata, ko ya sa kwaɗo a ƙofa. Mutanen Kakuri a Kaduna sun san yadda unguwa ke komawa bayan an rufe masaƙu.

Taimako iri biyu ya zo wa Gwaggo a wancan lokaci. Na farko daga ƙanenta ya fito, Baffa, wanda kasuwa ke yi da shi a shekarun. Ya ji kukanta, ya ce duk wata za a kawo mata kurar itace daga aljihunsa. Don zumunci ya yi, Allah ya saka masa da alheri, ita ma ta numfasa. Amma murhun yana nan yadda yake. Da itace ya zama na kyauta ma sai hannu ya saki: a tura guda huɗu inda uku za su isa, a bar wuta tana ci bayan an sauke tanda. Bayan kamar shekara guda kasuwa ta juya wa Baffa baya, kura ta daina zuwa, Gwaggo ta wayi gari a inda ta baro, da murhu mai ci da hannun da ya saba da yalwa. Tallafin farashi ke nan. Mun ga irinsa a fetur har zuwa ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da janye shi, mun ga irinsa a lantarki. Yana sanyaya rai muddin mai bayarwa na da hali, ran da ya gaza kuwa sai ya bar ka da tsohon murhunka.

Taimako na biyu da ƙafa ya shigo gidan. Wata amarya ce aka kawo maƙwabta, wadda ta taɓa koyon ginin murhun laka a wani horo da aka yi wa mata a garinsu. Ta zo sayen waina, ta ga hayaƙi ya turnuƙe rumfa, ta nemi izini ta zauna. Ta yi shiru tana kallo har aka gama suyar safe, sannan ta ce, "Inna, in ba za ki ga rashin kunyata ba, in faɗi abin da na gani." Gwaggo ta ce, "Faɗi mana, 'yar nan." Ta nuna mata cewa murhun a bakin iska yake, harshen wuta yana fita ta tsakanin duwatsu yana dafa sarari. Tukunyar miya ba murfi, gindinta kuma ya yi kauri da baƙi. Rabin itacen ɗanye ne, sai wuta ta gama busar da shi kafin zafi ya isa tanda. In an gama suya garwashi mai kyau yana mutuwa a banza, alhali an jima kaɗan za a hura sabuwar wuta a dafa wa yara ruwan wanka.

Masu bincike sun auna irin wannan murhu, sun ga zafin da ke shiga tukunya daga cikin itacen da aka ƙona bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Shi ya sa cibiyoyi irin Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato suka daɗe suna aiki a kan ingantattun murahu. Gwaggo ta fi shekara 20 a gaban murhun nan, ba ta ga abin da yarinyar ta gani da safiya ɗaya ba. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma haka ne in ruwan sama ne, domin yana ɗiga a kan shimfiɗa. Yoyon wuta ba ya jiƙa kowa. Wanda ya saba da wuri ba ya ganinsa, sai baƙon ido da ya san abin da yake nema.

Shiga masana'anta da idon amaryar nan, za ka tarar da murhun Gwaggo ne ya girma ya zama ƙarfe. Ka je ranar da injina ke hutu, a tayar da kwamfiresa kaɗai, ka kasa kunne: za ka ji iska na tsaki a mahaɗar bututu nan da can. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa a masana'antar da ba a bibiyar irin wannan, kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na iskar da kwamfiresa ke matsawa ta waɗannan kafofi take zurarewa. Iska ce ba a ganinta, amma da dizal aka matsa ta. Bututun tururi da aka bari tsirara ba a naɗe shi ba, tukunya ce ba murfi. Dattin ruwan da ke daskarewa a cikin tukunyar tururin masu turara shinkafa da masu rini, shi ne baƙin gindin tukunya da ke tsayawa tsakanin wuta da abinci. Babban janaretan da ake bari yana ruri da dare saboda fitilu da ofis kawai, kamar a hura wutar tukunyar biki ne don a dafa shayi kofi ɗaya. Injin dizal da ke aiki ƙasa da sulusin ƙarfinsa yana shan man da ya fi aikinsa, yana kuma saurin lalacewa. Ko yana aiki daidai, kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin man da ya sha zafi ne da ke fita ta salansa da lagireto. Garwashin da ke mutuwa ke nan, alhali a ɗaya gefen ginin ana ƙona wani man don a tafasa ruwa.

Babban mai cin wuta a masana'anta shi ne abin da masu gyara ke kira mota, wato na'urar lantarkin da ke juya inji da famfo da fanka. Kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin da masana'antun duniya ke sha ta cikin irin waɗannan na'urori yake bi. Mu yi lissafi mai sauƙi. Mota mai cin kilowat 15, tana aiki awa 10 a rana, kwana 300 a shekara, ta sha yunit 45,000. A naira 200 kowanne, naira miliyan 9 ke nan a shekara guda, kuɗin da ya ninka farashin ita kanta motar. Amma sai ka ga mai kaya ya tsaya ya yi ciniki mai zafi ranar saye, ya ɗauki ta gwanjo mai arha wadda aka sake naɗa wa waya sau uku, ya manta cewa kamar doki take: kuɗin sayensa na rana ɗaya ne, harawarsa ta kullum ce. A wurare da yawa kuma ana barin famfo ko fanka na gudu iya ƙarfinsa, sai a matse bakin bututu don a rage abin da ke fita. Babu macen da za ta hura wuta ta ci sosai, sannan ta riƙa yayyafa mata ruwa don kada tuwo ya kama. Itace take janyewa. Akwai na'urar da ke janye wa mota itace, ta rage gudunta daidai da buƙata, kuma a famfo da fanka in gudu ya ragu da kashi ɗaya cikin biyar, wutar da ake ci takan sauka kusan rabi.

Ƙasashen da suka ɗauki wannan al'amari da gaske da aika baƙon ido suka fara. Bayan girgizar farashin mai ta 1973, gwamnatin Amurka ta ɓullo da wani shiri a 1976: ta ba wasu jami'o'i kuɗi, malamin injiniya ya ɗebi ɗalibansa su je ƙaramar masana'anta ko matsakaiciya, su yi yini ɗaya ko biyu suna aune-aune, su koma su rubuto rahoto. Ga inda kake asara, ga kuɗin gyara, ga watannin da gyaran zai mayar da kuɗinsa. Mai masana'anta ba ya biyan ko kwabo. An yi irin wannan ziyara fiye da 20,000, kuma ribar biyu ce: masana'anta ta samu mai duba mata, ɗalibi ya bar jami'a hannunsa ya taɓa inji. Mu ma muna da sassan injiniya a Jami'ar Bayero da Ahmadu Bello da jami'ar kimiyya ta Wudil da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, kuma kowace shekara ɗalibai na yawon neman inda za su yi watannin horon aiki. Tsakanin ajinsu da injinan Dakata ko masu casar shinkafar Kura a jihar Kano ba wata tafiya ba ce. Abin da ya rage shi ne kayan awo, kuɗin mota, da hukumar da za ta ce wannan aikina ne.

Sai dai gani daban, gyara daban. A can Amurkan ma kusan rabin shawarwarin da ake bayarwa ne kaɗai ake aiwatarwa, kuma Gwaggo ta nuna mini dalili. Murfin tukunya da shanya itace a rana da ɗora ruwa a kan garwashi, a ranar ta fara su, don ba su ci mata ko sisi ba. Murhun kuwa sai an sayi laka da 'yan ƙarafa, an biya mai gini, an kuma yi kwana biyu ba suya. Ta ce, "Na ji, 'yar nan, amma da me?" Kuɗin da ke hannun mai sana'a na ƙullun gobe ne, ba ya iya taɓa shi ko da ya tabbata gyaran alheri ne. Adashi ne ya cece ta. Uwar adashi ta shawarci sauran mata aka ba ta kwasar farko, ta gina murhu a lungun da iska ba ta bugu, ta riƙa zubi daga rarar kuɗin itace. Damin da ke yi mata kwana biyu ya koma yana kai ta uku. Kafin zagaye ya ƙare murhun ya biya kuɗin kansa.

Ƙasar Tailan ta yi irin wannan adashi a matakin ƙasa. A 1992 ta kafa dokar tsimin makamashi da asusun da ake zuba wa ɗan kaso daga kuɗin man da ake sayarwa. A 2003 ta ware wani ɓangare ya zama asusu mai juyawa: gwamnati ta ba bankuna kuɗi, su kuma su ranta wa masana'antu da manyan gine-gine don aikin tsimi kawai, da ruwan da bai wuce kashi 4 cikin 100 ba, a biya cikin shekara 7. In an biya, kuɗin ya koma asusu ya tafi ga wani. A hanya bankunan suka koyi abin da ba su sani ba a da, cewa naɗe bututu da sauya mota jari ne mai dawowa kamar sayen sabon inji. Ga wanda ba ya son ta'ammali da kuɗin ruwa, kuma mu da yawa haka muke, akwai hanyar da ta yi kama da kiwon raba da muka gada: mai akuya ya ba mace ta kiwata, in ta haihu a raba 'ya'ya. A ƙasashe da dama akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan. Su zo da kuɗinsu da kayansu su yi gyara, a auna abin da ya ragu a kuɗin wuta, a riƙa rabawa har shekarun da aka shata su cika, sannan kaya su zama na mai masana'anta. In rara ba ta samu ba, ba su da abin ɗauka. Bankunan da ba sa karɓar ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, suna da tsarin saya maka kaya a sayar maka da riba sananniya, da hayar da ke ƙarewa da mallaka, kuma dukansu sun dace da sayen mota mai tsimi ko na'urar rage gudu.

Raba 'ya'yan akuya yana da sauƙi domin ana ganinsu a tsakar gida. Rarar wuta kuwa sai da mudu. Gwaggo ta san itacenta ya ragu ne domin ta san sau nawa take aikena a mako kafin murhu da bayansa. Masana'antu da yawa mita ɗaya gare su a bakin ƙofa, tankin dizal ɗaya a bayan gini, kuma ba wanda zai iya gaya maka yunit nawa buhun shinkafa ɗaya ya ci kafin ya fita. Japan ta gane wannan tun 1979. Dokarta ta wajabta wa manyan masana'antu su naɗa ma'aikaci mai shaidar ƙwarewa wanda zai riƙa kula da makamashi, su riƙa kai rahoto duk shekara, ana kuma neman su rage abin da suke ci a kan kowane kaya da matsakaicin kashi 1 cikin 100 a shekara. Kashi ɗaya kamar ba komai ba ne, amma da yayyafi kogi kan cika. Ma'aunin duniya na ISO 50001 da aka fitar a 2011 a kan wannan ɗabi'a ya ginu: a auna, a rubuta, a gyara, a sake aunawa.

In akwai mudu, hukuma na iya ba da tukwici ga wanda ya cancanta. A 2013 Afirka ta Kudu ta fara aiki da sashe na 12L na dokar harajinta: duk yunit ɗin da kamfani ya tabbatar ya rage, ana cire masa santi 45 daga kuɗin shigar da za a ɗora wa haraji, a 2015 aka ɗaga zuwa santi 95. Sharaɗin shi ne mai awo mai zaman kansa da aka amince da shi ya tabbatar, hukumar makamashi ta SANEDI ta ba da takarda. Indiya ta bi wata hanyar a 2012. Ta ɗauki manyan masana'antu 478 a fannoni 8, da suka haɗa da siminti da ƙarfe da taki da saƙa da takarda, ta yanka wa kowacce abin da za ta rage cikin shekara 3. Wadda ta zarce ma'auninta ta samu takardun shaida da za ta sayar wa wadda ta gaza. A zagayen farko an nemi ragin da ya yi daidai da tan miliyan 6.7 na mai, aka samu kimanin miliyan 8.7. A nan bambancin yake da kurar Baffa. Tallafin farashi wanda ya fi ƙonawa shi ya fi kwasa, tukwicin tsimi kuwa wanda ya rage shi ke samu. Da Baffa ya ce, "Yaya, kuɗin kura uku ga su ki gina murhu, duk damin da kika rage kuma zan ba ki goro," da bai kashe rabin abin da ya kashe ba, da kuma alherinsa bai ƙare ran da kasuwarsa ta tsaya ba.

Bayan murhun ya yi wata guda, matan layi suka fara leƙowa: mai ƙosai, mai tuwo-tuwo, mai shinkafa da wake. Ba wanda ya tara su ya yi musu lacca. Sun ga hayaƙi ya ragu a rumfa, sun ga tarin itace bai cika motsi ba, suka tambaya. Kowacce kuma ta zo da nata sanin: wannan ta ce ita tun dare take jiƙa wake don ya yi saurin nuna, waccan ta ce tana sauke shinkafa kafin ta ƙarasa ta lulluɓe tukunyar da buhu ta ƙarasa da kanta. Mai sana'a ya fi yarda da abin da ya gani a wurin ɗan'uwansa mai sana'a. A kan haka wasu manyan kamfanoni a birnin Zurik na Suwizalan suka fara haɗuwa a 1987 suna musayar dabarun tsimi. Jamus ta ɗauko tsarin a 2002, a 2014 kuma gwamnatinta da ƙungiyoyin masana'antu suka ƙulla yarjejeniyar kafa irin waɗannan rukunai har 500. Kowane rukuni kamfanoni 8 zuwa 15 ne, sukan haɗu 'yan lokuta a shekara a masana'antar ɗayansu, su zagaya su gani da ido, da injiniyan da ke ba su shawara baki ɗaya. Masu casar shinkafa da masu niƙa da masu ƙanƙara da masu narka roba a garuruwanmu duk suna da ƙungiyoyi da shugabanni. Injiniyan da mutum ɗaya ba zai iya ɗauka ba, mutum goma za su iya, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Nijeriya ba ta rasa iri ba. A 2015 gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan makamashi mai sabuntuwa da tsimin makamashi. Tun 2013 akwai shirin tallafa wa harkar makamashi da Tarayyar Turai da gwamnatin Jamus ke ɗaukar nauyi ta hannun hukumar GIZ ta Jamus, wanda ya horar da masu binciken makamashi. Hukumar UNIDO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi aiki da ƙungiyar masu masana'antu ta MAN a kan wannan fanni. Hukumar Makamashi ta Ƙasa tana da cibiyar tsimin makamashi a Jami'ar Legas, ga kuma Bankin Masana'antu da aka kafa don ba da rance. Abin da nake so in gani shi ne waɗannan su haɗu su isa wurin mai inji biyar da ma'aikata 20, wanda bai taɓa halartar taro a Abuja ba. A duba masa kyauta, a rubuta masa sakamako a shafi ɗaya, da Hausar da yake ciniki da ita, a kuma faɗa masa asararsa da naira. Amaryar nan da ta yi wa Gwaggo bayani da yaren da ba ta ji, da har yau duwatsu uku ne a gidan.

Na taɓa yi wa wani Alhaji mai kamfanin roba wannan magana, ya ce da ni, "Malam, a ba mu wutar tukuna, sannan a zo a koya mana tsimi." Yana da gaskiyarsa. Samar da wuta hakki ne a wuyan hukuma, kuma duk Arewa ta zuba ido ga bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano da aka fara aikinsa a 2020. Amma na ce masa, "Alhaji, Allah ya ƙara arziki, wanda wuta ta fi yi wa tsada ai shi ya fi kowa cin ribar tsimi. Yunit ɗin da ka hana zurarewa a janareta naira 300 ne ka mayar aljihu yau, ba sai wani ya sa hannu a takarda ba." Ko hasken rana mutum zai saka, in ya fara toshe ɓarna zai sayi faranti da batir kaɗan su ishe shi. Mai tulu mai yoyo in ya ƙara ɗan garuwa, kuɗin ruwa ya ƙara, tulun bai cika ba. Neman hakki a wurin hukuma da gyaran cikin gida ba sa hana juna, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Gwaggo ta ci gaba da suyar waina a kan murhun nan har tsufa ya zaunar da ita, itace kuwa bai taɓa komawa arha ba. Saboda haka kirana ga gwamnatocin jihohinmu da na tarayya shi ne, in za a taimaki masana'antu a yi irin taimakon da ya tsayar da ita: a tura masu dubawa kyauta daga jami'o'inmu, a kafa asusu mai juyawa da zai ba da kuɗin gyara har da hanyar da babu ruwa, a kuma yi rangwamen haraji ga wanda awo ya tabbatar ya rage. Kai kuma mai masana'anta, kada ka jira kowa a kan abin da ke hannunka. A makon nan ka sayi littafi, ka sa a riƙa rubuta yunit da litar da aka sha da kayan da aka fitar kowace rana. Ranar hutu ka zagaya ginin da kanka, ka saurari bututun iska, ka kai hannu kusa da bututun tururi, ka tambayi ma'aikatanka wane inji ne ke juyawa ba aiki. Albashin mutanen da ke ci a ƙarƙashinka yana cikin abin da ke zurarewa a wuraren nan, ka fara toshe shi tun yau.